Gwiwar tsoho da aikin da ƙwaya ba ta yi

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai irin na zaizayar guringuntsi a shekarar 2019, adadin da ya ninka na 1990 har da ɗoriya. Kusan kashi 73 cikin ɗari nasu sun haura shekara 55, kashi 60 mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ciwon ya fi kamawa, don ita kaɗai ta kwashi mutum miliyan 365. Ciwo ne da ba ya kisa farat ɗaya, shi ya sa ba a yi masa gangami irin na kwalara ko sanƙarau. A hankali yake ɓarnarsa. Bana dattijo ya daina zuwa masallacin Juma'a saboda nisa, baɗi ya daina zuwa na unguwa saboda matakala uku, kafin a ankara rayuwarsa ta koma tsakanin gado da bakin ƙofa. Tsohuwa kuwa sai ta janye daga suna da biki da gaisuwar rasuwa, alhali a nan take haɗuwa da jama'arta. Abin da iyali suka saba nema shi ne ƙwaya ko allura, in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce sai tiyata. Ni ina ganin mafi yawan sauƙin da mai wannan ciwo zai samu yana cikin aikin da ba ya ɗaukar ido, wato bayani mai gamsarwa, motsa gaɓa bisa ƙa'ida, tantance magungunan da ake sha, gyara ɗaki don kada a faɗi, da bibiya wata bayan wata. Wannan aikin ma'aikatan jinya ne, kuma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna abin da ke faruwa idan aka ba su horo da lokaci.

Aikin yana farawa daga rarrabewa, domin ba duk ciwon gaɓa ne iri ɗaya ba, ko da yake a gida duka sanyin ƙashi ake ce musu. Na zaizayar guringuntsi yana tsananta ne idan an yi aiki ko tafiya, ya lafa idan an huta, kuma sandarewar da yake kawowa da safe ba ta cika wuce rabin awa ba. Akwai wani da ake kira rumatoyid, wanda garkuwar jiki ce da kanta take afka wa gaɓɓai. Mutum miliyan 18 ke da shi a 2019, kashi 70 cikin ɗari mata. Yakan kama ƙananan gaɓɓan hannu da na ƙafa, dama da hagu lokaci guda, ya sandare su awa ɗaya ko fiye kowace safiya, kuma idan ba a soma maganinsa cikin watannin farko ba yana iya lanƙwasa yatsu yadda ba za su miƙe ba har abada. Sai gawut, wanda sinadarin yurik ne ke taruwa a jini har ya daskare ya zama tsini-tsini cikin gaɓa, galibi a babban ɗan yatsan ƙafa, ya tashi mutum tsakar dare da azabar da ko mayafi ba ya iya jurewa. Nas da ta san tambayoyin da za ta yi tana iya gane wanda zai ci gaba da kulawa a hannunta da wanda dole a tura wa likita cikin gaggawa. Gaɓa guda da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, misali, ƙila ƙwayar cuta ce ta shiga cikinta, kuma wannan na asibiti ne a ranar, ba na gashi ko ƙaho ko sakiya ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin nas ta fito ne daga ciwon gawut. A 2018 mujallar The Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Michael Doherty da abokan aikinsa na Jami'ar Nottingham ta Ingila suka gudanar kan majinyata 517. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suka ci gaba da ganin likitocinsu na unguwa yadda suka saba, ɗaya kashin aka damƙa su ga nas-nas da aka horar a kan ciwon. Maganin da ake amfani da shi, alopurinol, tsoho ne mai araha, an san shi tun shekarun 1960, kuma likitocin ma shi suke rubutawa. Bayan shekara biyu, kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ke hannun nas sun sauko da sinadarin yurik zuwa matakin da ake so, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 30 ne kacal. Waɗanda ciwon ya tasar wa sau biyu ko fiye a shekara ta biyu kashi 8 ne a wajen nas, kusan kashi 24 a wajen likitoci. Ba wai nas-nas sun fi likitocin ilimi ba ne. Abin da suka yi shi ne zama da majinyaci su fayyace masa yadda ciwon yake, su gwada jininsa a kai a kai, su riƙa ƙara maganin kaɗan-kaɗan har a kai ga abin da ake nema. Wani abu mai muhimmanci kuma, sun gargaɗe shi tun farko cewa maganin kan tayar da ciwon a watannin farko yayin da daskararren sinadarin ke narkewa. Hakan kuwa ta faru, don a shekarar farko ciwon ya fi tashi ga waɗanda ke hannun nas. Mutumin da ba a faɗa masa haka ba zai ce maganin bai karɓe shi ba ya watsar, kuma ba za a ga laifinsa ba. Wanda aka faɗa wa yakan daure, saboda abin da aka ce zai faru ne ya faru.

Mai shakka zai ce wannan gawut ne, ciwo mai sauƙin lissafi, amma ina nas ina rumatoyid, wanda magungunansa ke iya taɓa hanta da jini? Tambaya ce mai ma'ana, kuma an gwada ta. A birnin Leeds, wata nas mai suna Jackie Hill ta shafe shekaru tana gudanar da ɗakin duba masu rumatoyid, kuma a 1994 ta wallafa kwatancen majinyatanta da na ƙwararren likita, inda aka ga nata ba su gaza ba, sun ma fi sanin ciwonsu da gamsuwa da kulawar da suke samu. Shekara 20 bayan haka Mwidimi Ndosi da abokan aikinsa suka wallafa gwaji mafi faɗi a cibiyoyi 10 na Birtaniya da majinyata 181, sakamakon ya sake nuna cewa ciwon bai fi tsananta a hannun nas ba. A duk waɗannan wurare likita ne ya gano ciwon ya tsara magani, kuma yana nan kusa idan abu ya rikice. Nas ba ta karɓi kujerarsa ba, ta ɗauki ɓangaren da shi ba shi da lokacinsa. Ɗauki metotreksat, wanda shi ne ginshiƙin maganin rumatoyid: sau ɗaya a mako ake shansa, kuma wanda ya yi kuskure ya riƙa sha kullum yana iya rasa ransa. Yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, ba a ba mai ciki ko mai neman ciki, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa. Duk wannan magana ce da sai an maimaita, an tabbatar majinyaci ya gane, an kuma sake tambaya a zuwa na gaba. Tun 2012 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta fitar da shawarwari a rubuce cewa kowane mai irin wannan ciwo ya kamata ya sami nas da zai riƙa tuntuɓa.

Inda aikin nas ya fi cin karo da al'ada shi ne batun motsi. A gidajenmu alamar tarbiyya ce a hana tsoho wahala. Da ya yunƙura sai a ce, "Baba, zauna ka huta, mu za mu yi." A ɗauko masa buta, a kawo masa abinci har shimfiɗa, a hana Inna ko share ƙofar ɗakinta. Niyyar mai kyau ce, kuma a bayanta akwai tunanin cewa gaɓar da ta zaizaye tafiya za ta ƙarasa cinye ta. Jiki bai yarda da wannan tunani ba. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, abincinsa daga ruwan cikin gaɓa yake samu, kuma kamar soso yake, sai an matsa an saki ruwa ke shiga ya fita. Tsokar gaban cinya ita ce ke tallafe gwiwa, kuma tana saurin zubewa idan ba a aiki da ita. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10, sai aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Da tsoka ta yi rauni nauyi sai ya koma kan gaɓa, ciwo ya ƙaru, tsoho ya ƙara zama, tsoka ta ƙara zubewa. Shi ya sa a ƙa'idojin da hukumar tantance hanyoyin jinya ta Ingila ta sabunta a 2022, motsa jiki da rage ƙiba ne aka sa a gaba, magani yana biye. Abin da nas ke koyarwa ba ya buƙatar na'ura: a zauna a kujera a miƙe ƙafa a riƙe na ɗan lokaci, a tashi daga kujera a koma sau da yawa, a dafa bango a ɗaga dunduniya, a yi tafiya gwargwadon iko ana ƙarawa a hankali. Sai ta faɗa wa dattijo gaskiya cewa zai ji ɗan ciwo da farko, kuma ba alamar lalacewa ba ce matuƙar ya lafa kafin washegari kuma gaɓar ba ta kumbura ba. Mafi wuya shi ne shawo kan 'ya'ya, su gane cewa barin Baba ya taka da ƙafarsa zuwa masallaci ba rashin tausayi ba ne.

Ƙarfin ƙafa yana da wani amfani da ya wuce rage ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta haka. Karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, John Campbell da Clare Robertson sun tsara wani shiri na motsa jiki a gida, aka gwada shi sau huɗu kan mutum 1,016 masu shekara 65 zuwa 97, ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin ɗari. A gwajin da aka buga a 2001, nas ce mai zagayen gidaje aka horar ta kai shirin ga 'yan shekara 75 zuwa sama, faɗuwa ta ragu da kashi 46. Tsarin bai da yawa: atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa na rabin awa sau uku a mako, tafiya sau biyu a mako, ziyarar nas sau biyar, da kiran waya a watannin da ba ta zo ba. Waɗanda suka haura 80 ne suka fi amfana, wato daidai mutanen da aka fi cewa su zauna kawai.

Idan nas ta shiga gida kuma, idonta na ganin abin da ba a gani a ɗakin likita. Masai na tsugune azaba ne ga mai ciwon gwiwa, kuma kujera mai rami da ƙarfen dafawa a bango sun isa su mayar wa dattijo da sirrinsa, ya daina jiran wanda zai ɗaga shi. Gefen tabarma da ya naɗe, santsin bakin rijiya ko famfo, duhun hanyar banɗaki da asuba, silifas da ya sake, duka tarkuna ne. Sanda ana riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba na mai ciwo ba, kuma mutane da yawa akasin haka suke yi. Tsohon da ke tilasta wa kansa durƙuso yana hawaye ana iya tuna masa abin da malamai suka daɗe da bayyanawa, cewa marar lafiya yana da rangwamen yin salla a zaune. Ƙiba kuwa lissafinta a fili yake, don binciken Stephen Messier na 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Sai ledar magani, wadda a ganina duba ta kaɗai ya isa dalilin zuwa wajen nas. Dattijo mai ciwon gaɓa yakan tara diklofenak daga wannan kemis, ibuprofen daga wancan, piroksikam daga wani ɗa da ya zo gaisuwa, bai san dangi ɗaya ba ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini, ya wahalar da ƙoda, ya ɗaga hawan jini. Mafi ɓoyuwar haɗari shi ne deksametason da prednisolon da ake sakawa cikin haɗin da ake ƙulla wa mutane ba takarda. Suna kashe ciwo nan take, har a riƙa yabon mai kemis, amma shan su wata da watanni yana kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya sa ƙashi ya yi rauni har ya karye da ƙaramar faɗuwa, kuma ba a yanke su rana ɗaya sai da tsarin likita. Tiramadol yana sa jiri da ruɗewa ga tsofaffi. Nas za ta zazzage ledar a kan tebur, ta ware abin da ya maimaitu, ta tambaya ko bayan gida ya taɓa yin baƙi, ta auna jini, ta nuna cewa ga gwiwa maganin shafawa ake farawa da shi saboda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Gashi da ruwan ɗumi ba ta hana shi, sai dai ta ja kunnen mai ciwon sukari, wanda ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, kada ya ƙone bai sani ba.

Ciwon da ya daɗe yana taɓa zuciya. Nazarin da ya tattara bincike da dama a 2013 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin shida masu rumatoyid na fama da matsananciyar damuwa, kuma rashin barci da kaɗaici suna ƙara wa ciwo kaifi. Tsoho ba zai ce yana cikin damuwa ba, zai ce "alhamdu lillahi" ne, sai mai haƙurin tambaya game da barci da cin abinci da wanda ke zuwa hira zai gano. A nan ne aikin Kate Lorig ya shigo, nas ce a Jami'ar Stanford ta Amurka wadda tun ƙarshen shekarun 1970 ta tsara zaman mako shida na masu ciwon gaɓɓai, inda masu ciwon da kansu ke jagorantar 'yan'uwansu. Kowa yakan ɗauki ƙaramin alkawari na mako, ya dawo ya faɗi yadda ta kaya. A rahoton 1993, bayan shekara huɗu ciwon mahalarta ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, zuwa wajen likita ya ragu da kashi 40, duk da cewa naƙasar jikinsu ta ɗan ƙaru. Abin da Lorig ta lura shi ne sauƙin ya fi alaƙa da yadda mutum ya yarda cewa yana da abin yi game da ciwonsa.

Adalci ne a kawo abin da ke suka. A 2014 masu nazari na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 29 na shirye-shiryen ilmantar da masu zaizayar guringuntsi, suka kammala cewa amfaninsu kaɗan ne ko ma babu. Rahoton Lorig na shekara huɗu kuma ba a raba mutanensa da ƙuri'a ba, don haka yana iya zuzuta sakamako. Ko motsa jiki, sauƙin da yake kawowa matsakaici ne, kuma yana gushewa idan aka daina. Na yarda da duk wannan, amma ina ganin yana tace hujjar ne, bai rushe ta ba. Abin da ya gaza shi ne lacca, a tara mutane a yi musu bayani a sallame su. Abin da ya yi aiki a Nottingham da Otago yana da abin aunawa, ko sinadari a jini ko yawan faɗuwa, yana da mutum guda da ya san majinyaci, kuma yana da dawowa. Gushewar amfani idan an daina ma dalili ne na a sami mai bibiya, tunda ba wanda ke cewa maganin hawan jini banza ne don jini na hawa idan an bar sha.

Suka mafi nauyi ita ce ta rashin ma'aikata. A farkon 2024 magatakardar hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ya ce nas-nas 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, kuma wadda ta rage a asibitin karkara tana fama da haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro. Cibiyar kula da tsofaffi ta asibitin koyarwa na Ibadan sai a 2012 aka buɗe ta, kuma irinta ba su da yawa. Ba za a kwafo tsarin Leeds a dasa a ƙauye ba. Sai dai mafi yawan abin da aka zayyana a nan ba ya cin kuɗi, horo da tsari yake ci. Jagoran kula da tsofaffi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 an rubuta shi ne don ƙananan asibitoci, yana duba abubuwa shida, wato motsi, gani, ji, abinci, tunani da damuwa, kuma gwajin motsinsa shi ne mutum ya tashi daga kujera sau biyar cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafawa ba. Najeriya tana da manufar raba ayyukan lafiya tun 2014, wadda ta ba jami'an lafiya na al'umma damar ɗaukar wasu ayyuka bayan horo, ko da yake an fi karkata ta ga mata da yara. Nas guda za ta iya horar da irin waɗannan jami'ai da jikokin da ke kwana ɗaki ɗaya da kakanninsu, ta ware rana guda a wata ga dattawan yankin, ta riƙa kiran waya a tsakani, tunda waya ta shiga kusan kowane gida. Wanda gwiwarsa ta kai matakin da ba ya barci kuma ba ya iya taku duk da wannan, nasa na manyan asibitocin ƙashi ne, a duba yiwuwar tiyatar sauya gaɓa, kuma ko shi yadda zai tashi bayan tiyata ya danganta da ƙarfin tsokar da ya shiga da ita.